DAGA HUBBARE ZUWA DA'IRAR WORPITZKY: TARIHIN SARƘAR KASO DA MATSAYARTA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ziyarci Hubbare a birnin Sakkwato, inda makwancin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, Allah ya jiƙansa, zai iya jin ranar wafatinsa ta fuska biyu. Malamin zaure zai ce ran 3 ga Jimada Lahir, shekara ta 1232 bayan Hijira. Ɗan boko kuwa zai ce ran 20 ga Afrilu, 1817. An haifi Shehu a Maratta a ƙarshen watan Safar na 1168, watau Disamba ta 1754. Ke nan a lissafin wata ya yi shekara 64 da 'yan watanni a duniya, a lissafin rana kuwa shekara 62 da 'yan watanni. Dukansu biyu daidai ne. Abin da ya raba su shi ne shekarar rana kwana 365.2422 ce, ta wata kuwa kwana 354.3671, kuma ba wanda ya san wasu cikakkun lambobi biyu da za su sa shekarun nan su haɗu cif, babu ragi babu ƙari.

To, idan abu biyu ba su aunuwa da mudu ɗaya, yaya za a kusanci gaskiyar nisabarsu? In kuma aka yi ta kusantarta mataki bayan mataki, me zai tabbatar da cewa tafiyar tana da inda za ta tsaya? Wannan lacca za ta bi tarihin tambayoyin nan biyu, tun daga littafin Iƙilidisu da aka gani a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya zuwa hukuncin da wani malamin makarantar sakandare ya yanke a Balin a 1865.

2.0 Littafin Iƙilidisu a Sakkwato

Shi Muhammadu Bello ne ya gina ganuwar Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta a 1815. Shekara bakwai bayan an yi wa Shehu sutura, watau a 1824, wani Baturen Ingila mai suna Kyaftin Hugh Clapperton, wanda aka riƙa kira Abdullahi, ya sauka garin. Ya nuna wa Bello na'urorinsa na auna taurari, ya kuwa tarar Sarkin Musulmi ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo a 1826 sai ya zo da tsaraba, a ciki har da littafin handasa na Iƙilidisu cikin harshen Larabci.

Clapperton ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827, amma yaronsa Richard Lander ya kai takardunsa gida, aka buga su a 1829. A cikinsu ya ba da labarin wata safiya da ya shiga wurin Bello ya same shi zaune da littafin nan a gabansa. Bello ya shaida masa cewa dā ma gidansu suna da wannan littafi, wani ɗan'uwansu ne ya samo shi a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa shekara guda kafin nan. Wannan ɗan labari yana da nauyi. Ya nuna Iƙilidisu ya riga tsarabar Bature shiga Sakkwato, kuma ta hanyar alhazai ya shigo.

Iƙilidisu ya rubuta littafinsa a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara shi zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashidu, daga baya Is'haƙu ɗan Hunainu ya sake fassarawa, Sabitu ɗan Ƙurra ya gyara. A farkon maƙala ta bakwai akwai dabarar da ta shafi wannan lacca. In an ba mutum lambobi biyu ana son mafi girman lambar da ke raba su duka, sai ya yi ta ɗebe ƙaramar daga babbar har abin da ya saura ya gaza ƙaramar, sa'an nan ya yi ta ɗebe sauran daga ƙaramar, haka haka har wani saura ya cinye na gabansa ƙurmus. A maƙala ta goma kuma ya ce idan tsawo biyu ne ake wa wannan ɗebe-ɗebe, aka ga ba shi ƙarewa, to babu wani ma'auni guda da zai auna su duka biyu.

3.0 Dabarar a Zauren Fara'ili

Ba sai malami ya mallaki Iƙilidisu ba kafin ya san wannan dabara. Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗi a Ida'un Nusuki cewa Shehu ya karanta Muhtasar a wurin ɗan'uwan iyayensa Usmanu Bidduri. A babin ƙarshe na Muhtasar ɗin, watau babin rabon gado, Halilu ɗan Is'haƙu, malamin Misira na ƙarni na 14, ya kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu: tamasuli, da tadahuli, da tawafuƙi, da tabayuni. Hanyar gane su kuwa ita ce ɗebe-ɗeben nan. In ƙaramar ta cinye babbar tun karon farko, tadahuli ne. In ɗaya ta saura a ƙarshe, tabayuni ne. In ba haka ba, tawafuƙi ne, kuma lambar da ta yi cinyewar ƙarshe ita ke nuna da wane kaso suka dace.

Ga misali da 48 da 18. A ɗebe 18 daga 48 sau 2, saura 12. A ɗebe 12 daga 18 sau 1, saura 6. A ɗebe 6 daga 12 sau 2, ba saura. Alƙali mai rabon gado zai ce sun dace da sudusi, ya riƙe 6 ya ci gaba da aikinsa. Amma akwai abin da ya zubar a hanya, watau yawan ɗebewar: 2, 1, 2. Wanda ya tsince su zai iya sake gina nisabar daga gare su, domin 18/48 daidai take da 1/(2 + 1/(1 + 1/2)), watau 3/8. Kaso ne a ƙarƙashin kaso a ƙarƙashin kaso, kowane yana rataye da na samansa. Jamusawa suna kiran wannan da sunan da ke nufin kaso mai sarƙa, shi ya sa a nan aka kira shi sarƙar kaso. In aka yanke sarƙar a wani gaɓi aka lissafa abin da aka samu, wannan shi ne zango, kamar yadda fatake ke yada zango kafin su kai garin da suka nufa.

Malaman Musulunci na gabas sun lura da darajar waɗannan lambobi da ake zubarwa. Mahani a ƙarni na 9, da Umaru Hayyam a sharhin da ya yi wa Iƙilidisu a 1077, sun ce nisaba biyu suna zama ɗaya idan yawan ɗebewarsu ya zo ɗaya a kowane mataki, ko da matakan ba su da iyaka. Ƙasar Hausa ma ba ta rasa gwanayen hisabi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillacen Katsina ya yi rubutu a kan hanyoyin gina hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin bayaninsa kan ramzi a 1967.

4.0 Zangunan Shekarar Wata

Har yau ganin jinjirin wata shi ne hukunci a sha'anin azumi da salla, kuma daga fadar Sarkin Musulmi, 'yar tafiya kaɗan daga Hubbare, sanarwa ke fitowa. Amma masu ilmin falaki suna bukatar jadawali da za su lissafa baya da gaba. Wata ɗaya a matsakaici kwana 29.530589 ne, sha biyunsa kuwa kwana 354 da ɗori 0.367068. Wannan ɗori shi ne matsala, domin ba a tsaga kwana a kalanda.

In aka yi wa ɗorin nan ɗebe-ɗeben Iƙilidisu, yawan ɗebewar zai fito 2, 1, 2, 1, 1, 1, 2, har gaba. Zangunan kuwa su ne 1/2, 1/3, 3/8, 4/11, 7/19, 11/30, 29/79. Kowane zango shawara ce ga mai tsara kalanda. Zango na uku yana cewa a ƙara kwana 3 cikin kowace shekara 8. An yi aiki da irin wannan a daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuskurensa kuwa kwana guda ne cikin shekara kamar 126. Zango na shida yana cewa a ƙara kwana 11 cikin shekara 30, jimla kwana 10,631. Wannan shi ne jadawalin da masana falaki irin su Battani suka yi aiki da shi, suna cewa shekara kwana 354 ce da humusi da sudusi. Humusi da sudusi in an haɗa su 11/30 ne daidai. Kuskurensa bai wuce kwana guda ba cikin shekara kusan 2,500. Su dai ta hanyar dogon duban sama suka kai gare shi, lissafin sarƙa kuma ya zo ya nuna babu wani zagaye da ya gaza shekara 30 wanda ya kai shi dacewa.

Ma'aikacin da ke juya kwanan watan tsofaffin takardu yana da rabo a nan. Nisabar shekarar rana da ta wata tana ba da zanguna 33/32, 34/33, 67/65. Shekara 33 ta wata ta ɗara 32 ta rana da kwana shida da wani abu. Shekara 34 ta wata ta gaza 33 ta rana da kwana huɗu da rabi. Shekara 67 ta wata ta ɗara 65 ta rana da abin da bai kai kwana biyu ba. A lura da yadda suke tafiya: wannan ya zarce, na biye ya gaza, na biye ya zarce, kuma tazarar tana ta raguwa. Gaskiyar tana tsakiya kamar ɓarawon da aka yi wa ƙofar rago. Saboda haka sarƙar da aka gina da cikakkun lambobi na sama da sifili ba ta rasa matsaya.

5.0 Sarƙar a Hannun Turawa

Layin da ake ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa a kaso ya bayyana a littafin Hassar, masanin Magrib na ƙarni na 12, Fibonacci kuma, wanda ya koyi hisabi a Bijaya, ya shigar da shi littafinsa na 1202. Rafael Bombelli na Bolonya ya yi amfani da dabarar sarƙa a 1572 don kusantar saiwar 13, watau lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da 13. Pietro Cataldi ya faɗaɗa aikin a 1613. Christiaan Huygens na Holan, da zai ƙera na'urar da ke kwaikwayon tafiyar duniyoyi a 1682, ya ga ba zai iya yanka haƙora miliyoyi a jikin ƙarfe ba, sai ya ɗauki zango guda na zagayen Zuhalu, ya yi gargare mai haƙora 206 da wani mai 7. Leonhard Euler ya kafa ilmin a kan ginshiƙi a 1737. Johann Lambert, a aikin da aka buga a 1768, ya yi amfani da sarƙa ya tabbatar cewa nisabar kewayen da'ira da faɗinta ba ta rubutuwa da cikakkun lambobi biyu. Lagrange kuma a 1770 ya nuna sarƙar saiwa irin ta Bombelli dole ta riƙa maimaita kanta.

Sai dai mafi yawansu sun riƙa jan sarƙa suna ɗauka lalle tana da inda za ta tsaya. Ludwig Seidel a 1846 da Moritz Stern a 1848 su ne suka fara kafa sharaɗi sosai. Idan lambobin sama duka 1 ne, na ƙasa kuma suna sama da sifili ko da ba cikakku ba ne, to sarƙar tana da matsaya in jimlar lambobin ƙasan tana ta hauhawa ba iyaka. In kuwa jimlar tana da iyaka, zangunan za su rabu gida biyu, ba su haɗuwa har abada.

6.0 Tagwayen Lambobi

A cikin littafin nan na 1572 Bombelli ya tsara ƙa'idojin wata irin lamba da ta dami magabata. Kowa ya san lambar bashi, watau wadda ke ƙasa da sifili. In an riɓa kowace lamba da kanta, ta bashi ce ko ta jari, ba a samun bashi. Duk da haka lissafi ya riƙa tilasta wa masana saiwar −1, wadda daga baya aka yi wa alama da i. Caspar Wessel a 1799, da Argand a 1806, da Gauss a 1831 suka warware ruɗanin da zane. Lambobin da aka saba da su suna jere ne a kan layi guda, na jari gabas da sifili, na bashi yamma. Ita i taki ɗaya ce arewa. Lamba kamar 3 + 2i wuri ne a fili, taki uku gabas, taki biyu arewa. Tun da kowace tana da sashe biyu, a nan an kira su tagwayen lambobi.

Da lambobin sarƙa suka bar layi suka shiga fili, sai ƙofar ragon nan ta rushe. A kan layi ana iya tsare abu ta gaba da ta baya. A fili kuwa babu ma'anar a ce wannan lamba ta fi waccan, zanguna kuma suna iya kewaya wuri ba su faɗa masa ba.

A ɗauki sarƙa mafi sauƙi, a/(1 + a/(1 + a/(1 + ...))), inda lamba guda a ke maimaituwa. In a ta zama 2, zangunan su ne 2, 2/3, 6/5, 10/11, 22/21, suna nufar 1. In ta zama i, zangunan su ne i, sai 0.5 + 0.5i, sai 0.2 + 0.6i, sai 0.33 + 0.67i, sai 0.3 + 0.6i, suna kewayawa suna matsowa wani wuri kusa da 0.300 + 0.625i. In ta zama −1/4, zangunan su ne −1/4, −1/3, −3/8, −2/5, suna jan ƙafa zuwa −1/2. Amma in ta zama −1, zango na farko −1 ne, na biyu rabawa ce da sifili, na uku 0, na huɗu ya komo −1. Haka za ta yi ta zagaye kamar raƙumin mai tatsar man riɗi, tafiya dai ana yi, ba a zuwa ko'ina.

Dalili kuwa shi ne, in sarƙar tana da matsaya x, dole x ta zama daidai da a/(1 + x), warware wannan kuma yana bukatar saiwar 1 + 4a. Idan a tana kan layi yamma da −1/4, saiwar za ta fita daga layi, alhali zangunan duka a kan layi suke, don haka ba su da hanyar isa gare ta. Rubu'i shi ne bakin iyaka.

7.0 Hukuncin Worpitzky da na Bayansa

Julius Worpitzky, wanda aka haifa a 1835 ya rasu a 1895, malami ne a wata makarantar sakandare a Balin. A 1865 ya tabbatar da cewa ko da lambobin sama sun bambanta, ko wane irin tagwaye ne, muddin nisan kowace daga sifili bai wuce rubu'i ba, lambobin ƙasa kuma duka 1 ne, sarƙar tana da matsaya, kuma matsayar ba ta fi rabi nisa daga sifili ba. Mafarin hujjar ɗalibi na iya binsa. In wutsiyar sarƙa w tana cikin da'irar rabi, to nisan 1 + w daga sifili bai gaza rabi ba. Rubu'i in an raba shi da rabi yana ba da rabi. Ke nan a/(1 + w) ma tana cikin da'irar. Kowane gaɓi da aka ƙara yana tsare zangunan cikin wata da'ira a cikin ta baya, aikin da ya rage kuma shi ne nuna cewa da'irorin suna tsukewa har su zama ɗigo guda.

Ya buga wannan a rahoton shekara na makarantarsu, inda manyan masana ba su dubawa. Fiye da shekara talatin aikin yana kwance, har Alfred Pringsheim na Munik da Edward Van Vleck na Amurka suka sake gano shi da kansu. A tsakanin nan Ivan Śleszyński na Odesa ya kawo wani sharaɗi a 1889, cewa in girman kowace lambar ƙasa ya kai girman ta samanta da ƙarin ɗaya, akwai matsaya. Pringsheim ya sake samo shi wajen shekara goma baya, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Adolf Hurwitz a 1887 ya mai da ɗebe-ɗeben Iƙilidisu kansa cikin fili, inda a kowane mataki ake ɗaukar cikakkiyar tagwayen lamba mafi kusa. Thomas Stieltjes ya fitar da babban bincikensa a 1894, Oskar Perron ya tattara ilmin a littafi a 1913. A 1940 W. T. Scott da H. S. Wall suka faɗaɗa da'irar Worpitzky ta zama farabola, watau irin lanƙwasar da dutse ke yi in an jefa shi, wadda ƙoƙonta ke kan −1/4, bakinta yana buɗe gabas. Lambobin sama in suna cikinta ba su yi ta nisa ba iyaka ba, sarƙar za ta tsaya. A 1986 Lisa Jacobsen ta Nowe ta sake duban ma'anar matsaya ita kanta, ta kawo ta'arifi mai faɗi.

Amfanin wannan bai tsaya a allo ba. Turjiyar da waya ke yi wa wutar lantarki mai kai da komo da tagwayen lambobi ake rubuta ta, kuma a 1926 Wilhelm Cauer ya nuna yadda ake karanta tsarin matatar sigina mai kamar tsani daga gaɓoɓin sarƙa. Kwamfuta ma da sarƙa take lissafa wasu ƙididdigogi na injiniyoyi da masu alƙaluma. Na'ura ba ta san sarƙa marar matsaya ba. Za ta buga lamba ko ta wace iri ce. Hukunce-hukuncen nan su ke faɗa wa mai aiki lokacin da zai amince da abin da ta buga.

8.0 Kammalawa

Hukuncin matsayar sarƙa mai tagwayen lambobi a Turai da Amurka aka yanke shi, a ƙarni na 19 da na 20. Tushen da aka ɗora shi a kai kuwa, watau ɗebe-ɗeben Iƙilidisu, yana cikin karatun mutanen da ke kwance a Hubbare da almajiransu, a babin gado da jadawalin wata. Ɗalibin da ya iya tawafuƙi da tabayuni ya riga ya riƙe bakin sarƙar, kuma malamin lissafi da zai fara masa daga 48 da 18 cikin Hausa ya rage masa rabin wahala. Kalmomin sarƙa da zango da matsaya da tagwaye shawara ce, masu koyarwa su gwada su a aji su gani ko za su zauna a baki.

Akwai kuma aiki a kan hukuma. Gobara guda ta cinye Iƙilidisun gidan Bello, rahoton makaranta kuma ya ɓoye aikin Worpitzky shekara talatin da ɗoriya. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka sa mata sunan Shehu a 1988, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, suna da takardun hannu a ajiye, wasu kuma suna gafakar gidaje inda gara da ruwan damina ke jira. Masu jera irin waɗannan takardu galibi malaman Larabci da tarihi ne. Ya kamata a zaunar da masanin lissafi kusa da su, domin takardar hisabi da falaki tana bukatar wanda zai bi lambobinta ɗaya bayan ɗaya kafin a san abin da ke cikinta.